Sharar Audugar Ranar Alhamis

Duk wanda ya yi karatu a makarantarmu ya san labarin tsoho mai katifa. Ɗalibi zai iya manta lacca, ya manta fuskar malaman da suka koyar da shi, amma wannan labarin ba ya mantuwa, don shi ake fara ba 'yan mastas a makon farko. Ni na rubuta shi. Idan tsofaffin ɗalibai suka ji haka sai su miƙo mini hannu biyu suna jinjina. Na gaji da yin murmushin dole, shi ya sa zan faɗi yadda abin ya faru.

Makarantar tamu ta koyar da harkokin kasuwanci ce ga waɗanda suka riga suka yi digiri, reshe ce ta wata jami'a. Tun zamanin soja ta fara, a ɗakuna biyu na haya a saman wani kemis a unguwar Barnawa ta Kaduna, da malamai uku da allo ɗaya mai ƙafa karyayya. Difloma guda ake yi a lokacin, ɗalibanta akawunan banki ne da ma'aikatan masaƙa, masu zuwa bayan la'asar a gajiye, wasu ma da gyangyaɗi suke ƙarasa darasi. A nan na fara aiki a matsayin ƙaramin ma'aikacin bincike. Sunan ne mai daɗi, aikin kuwa ɗaukar rikoda ne da raba takardun tambayoyi a kasuwa, rana na dukan ƙeyarka.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, sai makarantar ta yi wani irin tashi. Muka koma sabon gini a hanyar Kamazou. Aka buɗe mastas na ranakun aiki, aka ƙara na Asabar da Lahadi saboda manya, sannan aka kafa cibiyoyin bincike uku: ta harkokin banki, ta horar da shugabanni, da tamu ta ƙananan sana'o'i, wadda aka jefa ƙarshen baranda kusa da janareto. Ajin Asabar da Lahadin nan kuwa abin kallo ne. Sababbin ciyamomi, kansiloli, 'yan kwangila, kowa na neman satifiket ɗin da zai rataya a bayan kujerarsa. Babbar riga ta cika benci, turare ya cika aji, direbobi na barci a mota a ƙarƙashin dalbejiya.

A irin wannan makaranta ba da lacca kaɗai ake koyarwa ba. Akan ɗauko labarin wani kamfani ko wata sana'a ta gaskiya, a rubuta yadda take tafiya, ɗalibai su karanta su yi ta muhawara a kai. Kes muke ce wa irin wannan labari. Duk waɗanda muke da su daga ƙasashen waje aka kawo su, labarin kamfanonin da ɗalibanmu ba su taɓa ganin ko ƙofarsu ba. Daraktar cibiyarmu, mace ce 'yar Kudancin Kaduna, mai kaifin baki da tsoron Allah, ta ce ta gaji da wannan. Ta tara mu ta ce kowa ya fita ya kawo labarin sana'ar gida. Waɗanda suka yi kyau za a buga su a littafin farko na cibiyar, wanda nasa ya fi kuma za a ba shi gurbin mastas da aka ware wa ma'aikata. Wallahi ina son gurbin nan kamar in yi yaya. Na gaji da ɗaukar wa wasu rikoda.

Dokar rubuta kes ɗaya ce da kowa ya haddace: a canza sunan mai sana'a. Haka take a fom ɗinmu, haka muka ɗauke ta. Ka canza suna, ka fita haƙƙin mutum.

Ban yi dogon tunani ba, don mai sana'ar yana bakin ƙofarmu a unguwarmu Makera. Baba mai katifa abokin marigayi mahaifina ne. Mutumin wajen Funtuwa ne, ya zo Kaduna tun yana saurayi ya yi aikin masaƙa tare da mahaifina, daga baya ya bari ya buɗe shagon katifar auduga da matasan kai a layinmu. Katifar da na tafi makarantar kwana da ita shi ya ɗinka, bai kuma yarda an yi masa maganar kuɗi ba. Tun da na gama jami'a yake kirana Farfesa, yana yi yana ƙifta wa mutane ido. Duk da katifar soso ta cika gari a lokacin, shagonsa bai taɓa rasa mutane ba. Iyayen 'yan makarantar kwana daga unguwar Television, daga Mahuta, daga Tudun Wada suna zuwa, don katifarsa ta fi ta kowa araha, kuma ba ta zama tabarma bayan zango ɗaya.

Da na gaya masa abin da nake so, dariya ya yi har ya aje basillarsa. Ya tambaye ni ko jami'a ta rasa abin karantarwa ne sai tsumma da auduga. Amma na ga ya ji daɗi. Sau uku na je da rikoda. Ya nuna mini yadda yake shiɓa auduga da baka har ta tashi, yadda yake cusa ta daga kusurwa zuwa tsakiya, yadda yake jera ɗinkin basilla don kada ta taru wuri ɗaya. Ya gaya mini ba ya ɗinka wa ɗan makaranta katifa sai ya tambayi irin gadon makarantar, don na wata makarantar ya fi na wata faɗi. A zuwa na uku ne na tambaye shi inda yake samun auduga. Sai ya miƙo hannu ya danna rikodar da kansa, ya kashe.

Ya ce, "Wannan maganar, ɗan abokina zan gaya wa, ba akwatin nan ba."

Ga abin da ya gaya mini. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, inda suka yi aiki da mahaifina, akwai wata rumfa a bayan sashen kaɗi inda ake tara sharar da injuna ke zubarwa, auduga ce haɗe da ƙura da guntayen zare. A da ƙonawa ake yi, hayaƙin ya dami kowa. Heluman wurin, wato shugaban leburori, wani dattijo ne Kirista mazaunin Television, tsohon abokin aikinsu. Shi ya nema wa Baba izini a wajen na gaba da shi. Kowace Alhamis da safe Baba kan je da tsintsiya ya share rumfar nan tas, ladan sharar kuma shi ne ya kwashe abin da ya share. Mai amalanke ya turo masa gida, ya tankaɗe ƙurar, ya tsince zaren, ya shanya a rana kwana biyu, sai ga auduga fes. Babu takarda a tsakaninsu, babu sa hannu. Duk Kirsimeti dai Baba kan aika wa heluma sababbin matasan kai biyu, shi kuma da babbar salla yakan zo cin nama. Shekaru suna haka, ko matan layinmu ba su san daga ina amalanken ke fitowa ba.

Ya ce kada in rubuta wannan. Ya ce abin da ake ganin shara ne shi ke riƙe da gidansa, ran da aka gane yana da amfani, ran nan ya tashi daga nasa. Na ce masa haba Baba, kamar ba ka san ni ba. Na rantse masa. Ban manta ba, har da dafa ƙirji.

Na rubuta labarin ba tare da wannan ba, na kai wa Darakta. Bayan kwana biyu ta maido mini shi da jan biro a gefe. Ta ce rubutun ya yi daɗi, amma hira ce, ba kes ba. Tambayar da kowane ɗalibi zai yi ita ce, ta yaya tsohon nan yake sayarwa ƙasa da kowa kuma bai karye ba? In babu amsar wannan, babu abin koyarwa. Ta tambaye ni ko na san amsar.

A nan ne wurin. Na sha ɗora wa matar nan laifi a zuciyata, amma ƙarya nake yi wa kaina. Da na ce mata na sani amma na yi alkawari, na tabbata da ta ce a bar shi, don na ga ta janye labarin wani abokin aikina gaba ɗaya saboda mai sana'ar ya sake shawara. Ban gaya mata akwai alkawari ba. Cewa na yi zan koma in ƙara bincike. Ko Makera ban koma ba, kwamfutar ofis na nufa, na ƙara sakin layi ɗaya, layi shida. Na canza sunan Baba kamar yadda fom ya ce, na mayar da Makera "wata unguwa", na ji na zama mai gaskiya. Amma na bar Kakuri, na bar rumfar bayan sashen kaɗi, na bar ranar Alhamis, don su ne ke sa labarin armashi. Na ce wa kaina ai da Turanci ne, ai masaƙu da yawa ne, ai manyan nan ba karatu suke yi ba. Dubi wannan wauta, don Allah. Mutumin da aikinsa ke nan ya koya wa mutane gano inda dama take, shi ne yake fatan kada a gano.

Labarina ya zo na ɗaya. Na sami gurbin mastas. Tun kafin a buga littafin aka fara koyar da shi a takardu, kuma ran da aka kai shi ajin Asabar da Lahadi, Darakta ta ce in zauna a baya in ji yadda za a karɓe shi. Na saka sabuwar shadda. Aka yi ta yabon hikimar tsoho, wani ya ce irin su ya kamata sabuwar gwamnati ta tallafa wa, aka tafa. Sai wani sabon kansila, ɗan kwangila ne kafin siyasa, kowa na ce masa Honarabul, ya ɗaga hannu ya tambayi wace masaƙa ce. Darakta ta ce ba a faɗi, dokar kes ce. Da aka fita shan shayi ya same ni ya dafa kafaɗata, ya sake tambaya. Na ƙi, har da ɗaure fuska, ina jin kaina wani jarumi. Bai ji haushi ba. Murmushi ya yi ya ce ba komai, masaƙun da har yanzu ke kaɗi a Kakuri ai ba su fi mutum ya zagaya su kafin azahar ba. Shayin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Na so in je in gargaɗi Baba. Sau biyu ina tsayawa a bakin shagonsa da niyyar haka, sai in ga ba zan iya gargaɗinsa ba sai na faɗi abin da na yi, sai in ɓige da tambayar lafiyar ƙafarsa. Na ci gaba da fatan Honarabul zai shagala da rabon kwangilar kwalbati ya manta.

Bai manta ba. Wata biyu bayan nan, wata Alhamis, mahaifiyata ta ce mini amalanken Baba ya dawo wayam. Da yamma heluma da kansa ya hau mota daga Television ya zo ba shi haƙuri. Ya ce wani mai kwangila ya shiga ofishin manya da takarda, ya nuna musu cewa abin da suke bayarwa kyauta haja ce, aka sa hannu, yanzu babbar mota ce za ta riƙa kwashewa. Ya ce ya yi magana, aka ce masa wannan ya fi ƙarfin heluma. Ina zaune a bencin ƙofar shago washegari lokacin da mutanen layi ke ta cewa ai heluman ne ya sayar da Baba, me kuma ake jira. Baba ya ce a'a, mutumin nan ba haka yake ba, kada wanda ya ƙara faɗi a ƙofarsa. Ni kuwa ina zaune, ina girgiza kai tare da masu jimami, ina cewa Allah ya kyauta. Duk abin da na yi a rayuwata, zaman bencin nan yana cikin waɗanda nake jin kunyar tunawa.

Wani abin takaicin, Honarabul a kan wannan kwangilar ya rubuta aikinsa na kammala karatu, ya kuma ci maki mai kyau. Me za a ce masa? Abin da muka koya masa ya yi.

Baba ya gwada sayen auduga a kasuwa, sai katifarsa ta kusa kama farashin ta soso, iyayen yara kuma suka ce to ai gara soson. Kafin shekara ta zagayo ya daina ɗinka sababbi. Ya koma gyara: a kawo tsohuwar katifa ya farke, ya shiɓe, ya mayar. Rabin shagon ya ba wani mai faci. Daga baya masaƙun ma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na taɓa ba wannan labari a gutsure sai ya ce mini ai ko ba ni ba, da ma abin zai ƙare. Na sani. Na jingina da wannan maganar shekaru. Amma tsakanin Alhamis ɗin nan da ran da aka rufe ƙofar masaƙar akwai 'yan shekaru, kuma shekarun Baba ne, ba nawa ba ne da zan bayar.

Da littafin ya fito, mai koren bango da tambarin cibiya, aka yi taro aka ci kaza. Aka ba ni kwafi biyar, na kai gida na tura ƙarƙashin akwati. Na canza hanya, na riƙa bi ta bayan masallaci don kada in wuce ta shagon. Mahaifiyata ce ta gano littattafan tana shara. Ita da murnarta, ɗanta ya yi littafi a kan abokin mijinta, ta ɗauki ɗaya ta kai masa ba ta gaya mini ba. Bayan mako guda ya aiko ta cewa yana nemana.

Na je bayan la'asar. Na tarar da shi zaune a kan wata farkakkiyar katifa, littafin a cinyarsa, ya sa masa rigar leda don kada ƙura ta ɓata shi. Ya ce Farfesa ya yi wuyar gani, na ce aiki ne. Ya ce ya ji an ce shi ne a ciki, amma shi ba ya jin Turanci, kuma bai so ya ba wani ya karanta masa sai mai rubutun. Ya matsa mini wuri na zauna kusa da shi, littafin a tsakaninmu, shi ya riƙe gefe ɗaya ni na riƙe ɗaya.

Na fara fassara masa. Da na zo wurin bakan shiɓa ya yi dariya. Da na zo wurin tambayar faɗin gadon makaranta ya ce lallai kunnena na ji. Da ya ji sunan da na laƙaba masa ya ce na mayar da shi Alhaji ba tare da kujerar Makka ba, Allah ya amsa. Ina karantawa ina hango sakin layin nan yana tahowa daga ƙasan shafi na uku. Da na iso, sai na yi tari, na ɗaga ido na sauke a kan sakin layi na gaba, na ci gaba da bayanin yadda yake jera kaya a ƙofar shago lokacin komawa makaranta. Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ma yana ba ni tsoro idan na tuna. Na kai ƙarshe na rufe littafin.

Ya ce madalla, an gode. Sannan ya karɓi littafin a hankali, ya lasa yatsa, ya buɗo shafi na uku, ya aza yatsansa a tsakiyar layi shidan nan.

Ya ce, "Ban iya Turanci ba, ɗana. Amma wannan na iya karanta shi. Kakuri. Shekara nawa ina shiga motar da aka rubuta shi a goshinta?"

Na buɗe baki. Wataƙila Darakta zan ɗora wa laifin, wataƙila dokar canza suna. Ya ɗaga mini ɗaya hannun.

"Tun ran da mahaifiyarka ta kawo shi na gani, na kuma gane. Rubuta shin da ka yi na bar maka shi, don mahaifinka. Yaro ne kai, kana neman gaba. Na kira ka ne in ji ka karanta mini da bakinka, mu rufe maganar." Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne. "Wannan da ka tsallake yanzu, shi ya yi mini zafi."

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce ya ji. Ya ce in tashi kada in rasa jam'in magariba, in kuma gaida gida, kada in gaya wa mahaifiyata komai, a bar ta da murnarta. Ya ƙara da cewa in na sami sarari in je Television in gai da heluma, don an ci mutuncin mutumin nan a layinmu a banza.

Na tashi na sa takalmi. Da na waiga daga bakin ƙofa, littafin na nan buɗe a cinyarsa, bai ɗauke yatsansa daga kan kalmar ba. Mun ci gaba da gaisawa har ƙarshen ransa, yana amsa mini da sakin fuska, yana tambayar karatu. Amma daga ranar nan bai ƙara kirana Farfesa ba.